In Birus Ya Shiga Kwamfuta Ko Waya, Mi Za Ka Yi?

Darasinmu na yau a kan tsaron dukiya ne.

A da, dukiyar mutum tana cikin rumbu, ko cikin garke, ko cikin adaka a ƙuryar ɗaki. Ɓarawo sai ya jira dare ya haura katanga. Yau wani rabo na dukiyarmu ya koma cikin waya da kwamfuta. Kuɗin da ɗanka ya turo daga Agadas ko daga Abijan, ta waya suke zuwa. Lambobin abokan cinikinka suna ciki. Hotunan iyali suna ciki. Takardun ƙungiya da lissafin adashi, sau da yawa suna cikin kwamfutar gida, wadda wasu ke ce wa ordinatar.

Ɓarawon wannan dukiya ba ya haura katanga. Yana zaune a wani gari da ba ka sani ba, ya aiko maka da ɗan aikenshi. Sunan ɗan aiken birus.

Mine ne birus?

Ana ce mashi ƙwayar cutar kwamfuta, amma ba irin ƙwayar ƙyanda ko ta tari ba ce. Ba ya kama mutum. Birus manhaja ce, watau umurni da wani mutum ya rubuta don na'ura ta bi. WhatsApp manhaja ce mai amfani. Birus manhaja ce ta mugunta, wadda aka rubuta don sata ko ɓarna.

Aikinshi kamar na gara ne. Ka ga azara daga waje lafiya lau, alhali an cinye cikinta.

Iri-iri ne. Akwai mai leƙen asiri: duk abin da ka danna, yana rubutawa ya aika wa maigidanshi. Akwai mai kwasar lambobin sirri da aka ajiye cikin na'ura. Akwai mai cika maka fuskar waya da talla. Akwai kuma mai garkuwa: ya kulle takardunka da hotunanka, ya ce sai ka biya kuɗi za a buɗe.

Abin ba sabo ba ne. A 1986 wasu ƴan'uwa biyu a birnin Lahore na ƙasar Pakistan suka rubuta wani birus mai suna Brain, wanda ya yi ta yawo cikin faifan kwamfuta na wancan zamani. A watan Mayu na 2000 wani ya fito daga ƙasar Filifin cikin saƙon imel mai kama da wasiƙar soyayya. Duk wanda ya buɗe, sai saƙon ya aika kanshi zuwa ga mutanen da ke cikin littafin adireshinshi. Miliyoyin kwamfutoci suka kamu cikin ƴan kwanaki. A watan Mayu na 2017 wani mai garkuwa, WannaCry, ya kama kwamfuta fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. Har asibitocin Ingila sai da suka maida marasa lafiya gida. Yana neman dalar Amurka 300 a kan kowace kwamfuta. Ka gani, masu ilimi da masu kuɗi ma yana kama su. Don haka in ya kama ka, ba abin kunya ba ne.

Ta ina yake shiga?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga tsagogin da aka fi sani a wurinmu.

Na farko, kile, wannan ɗan abin da ake soka wa kwamfuta don ɗaukar takardu. Ka kai shi siber ko wurin buga takarda, an soka shi a kwamfuta mai cuta, ka dawo ka soka a taka. Shi kenan, ka kawo baƙo gida. Katin memuwar da ake kai wa masu tura waƙoƙi da fina-finai ma yana iya ɗauko shi.

Na biyu, saƙon kwaɗayi. «Ka ci kyauta, danna nan.» «Ana raba intanet kyauta, danna nan, ka tura wa mutum 20.» «Ana ɗaukar ma'aikata, cika sunanka da lambarka.» Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda bai san ka ba, don mi zai ba ka kyauta?

Na uku, manhajar da ba ta fito daga kasuwarta ta gaskiya ba. Kasuwar manhajojin waya mai Android ita ce Play Store. Amma mutane da yawa suna karɓar manhaja daga wayar aboki, ko su sa wadda aka yi wa kwaskwarima, irin su GB WhatsApp. Wannan ba kamfanin WhatsApp ne ya yi ta ba, kuma ba ka san abin da aka cusa ciki ba. A kwamfuta kuma, manhajar sata da ake sawa don gudun biyan kuɗi tana yawan zuwa da birus a goye.

Na huɗu, saƙon tsoratarwa. Kana kallon wani abu a intanet, sai rubutu ya fito da jan launi: wai wayarka tana da birus biyar, danna nan a wanke. Ƙarya ce. Wannan maganin shi ne cutar. Rufe shafin ka fita.

Yaya za ka gane ya shiga?

Ga alamomi. Na'ura ta yi nauyi farat ɗaya. Waya tana zafi ko ba ka aiki da ita. Caji da kuɗin intanet suna ƙarewa da sauri fiye da da. Talla tana fitowa ko'ina. Ka ga manhajar da ba kai ka sa ba. A kile, takardunka sun ɓace, ko sun koma ƴan hotuna masu ƙaramar kibiya a gefe. Kada ka danna su. Sau da yawa takardun suna nan, birus ne ya ɓoye su, mai gyara zai iya fito da su.

Nauyi kaɗai ba hujja ba ne. Tsohon batir ko cikar ma'aji ma suna kawo shi. Amma akwai alamomi uku da ba a wasa da su. Ɗaya, ƴan'uwa suna samun saƙo daga wurinka wanda ba kai ka aika ba. Biyu, lambar sirrinka ta daina buɗe asusunka. Uku, kuɗi sun fita ba da saninka ba. In ka ga ɗaya daga cikinsu, kada ka bari sai gobe.

Asusu shi ne wurinka a cikin intanet, mai sunanka da lambar sirrinka: na imel, na Facebook, na WhatsApp, na kuɗi. Lambar sirri, wadda ake ce wa kod, ita ce makullin ɗakin.

Abin da za ka yi, bi da bi

Kwantar da hankalinka. Aikin yana da tsari, kuma tsarin yana da muhimmanci. Kada ka fara da na ƙarshe.

1. Yanke intanet. Kashe Wi-Fi, kashe intanet na waya, cire igiyar intanet in kwamfuta ce. Birus yana magana da maigidanshi ta wannan hanya. In ka yanke ta, ba zai iya aika abin da ya sata ba. Cire kile da kati, ka ajiye su gefe. Kada ka soka su a wata na'ura tukuna.

2. Nemi na'ura mai lafiya. Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Suna sake lambar sirri a kan na'urar da ta kamu. Wannan kamar sake kwaɗon ƙofa ne alhali ɓarawo yana cikin ɗaki yana kallon inda ka aje sabon makulli. In kwamfuta ce ta kamu, yi aiki da wayarka. In waya ce, ari ta wani amintacce na gida. Kada ka yi wannan aiki a siber. In ka gama da wayar aro, ka fita daga asusunka kafin ka maida ta.

3. Fara da kuɗi. In kana da asusun kuɗi a waya, irin su Airtel Money ko Moov Money, ko kana aiki da manhajar Nita, ko ta Amana, ko ta banki, sake lambar sirrin nan take. In ba ka iya ba, tafi ofishinsu da ƙafarka, riƙe da katin shaidarka. Ka ce a duba fitar kuɗi, in da hali a tsayar da asusun har ka gyara. Kada ka kira wata lamba da aka turo maka cikin saƙo. Je inda ka sani.

4. Sai imel. Wataƙila ka ce kai ba ka da imel. Duba da kyau. In wayarka Android ce kuma kana shiga Play Store, to kana da asusun Google, ko da wani ne ya buɗe maka ranar da ka sayi wayar. Wannan asusu shi ne uwar makullai. Wanda ya riƙe shi yana iya neman sabuwar lambar sirri ta sauran asusunka, a aiko mashi. Sake lambar sirrinshi. Sa'an nan ka duba lambar wayar da aka rubuta ciki don neman taimako: taka ce, ko an sake ta?

5. Sai Facebook da sauransu. Kowane asusu ka ba shi sabuwar lambar sirri tashi ta daban. Amma sake lamba kaɗai bai isa ba. Wanda ya riga ya shiga, wani lokaci yana nan ciki. A cikin saitin Google da na Facebook akwai wurin da ke nuna dukan na'urorin da suka shiga asusunka. Fitar da su duka, ka sake shiga kai kaɗai. In an riga an hana ka shiga Facebook, akwai shafin da kamfanin ya tanada don haka: facebook.com/hacked.

6. WhatsApp. Buɗe wurin da aka rubuta da faransanci «Appareils connectés». In ka ga na'urar da ba ka sani ba, fitar da ita. In an ƙwace asusun gaba ɗaya, kada ka yanke ƙauna, muddin layinka yana hannunka. Sa WhatsApp na gaskiya a waya mai lafiya, ka rubuta lambarka. Za a aiko maka lambobi 6 ta saƙo. In ka shigar da su, an fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa tashi lambar sirri ta biyu, za ka jira kwana 7 kafin ka shiga, amma shi ma yana waje. In layin ne aka ɗauke, sai ka je ofishin kamfanin waya da katin shaida a maido maka lambarka.

7. Gaya wa mutane. Kira ƴan'uwa da abokan ciniki, ko ka sa wani ya sanar a cikin gurup ɗin iyali: «An shiga asusuna. In kun ga saƙo da sunana ana neman kuɗi, kada ku tura.» Ɓarawo ya san mutane sun yarda da kai. Zai rubuta wa ƙanwarka ya ce kana asibiti, a turo jikka ashirin da gaggawa. Shirunka na kwana ɗaya yana iya jawo wa wani asara, kai kuma ya ɓata maka suna.

Wankin na'ura

Yanzu makullai sun koma hannunka. Saura a kori baƙon daga ɗaki.

In kwamfuta ce mai Windows 10 ko Windows 11, tana zuwa da nata maganin birus, sunanshi Microsoft Defender. Ba a biyan ko dala. A haɗa intanet na ɗan lokaci don maganin ya sabunta, sa'an nan a sa shi ya bincike kwamfutar gaba ɗaya, ba ɗan binciken sauri ba. Yana iya ɗaukar awoyi. Ka yi haƙuri. In ya gama, a bincike kile da kati su ma kafin a buɗe abin da ke cikinsu.

In waya ce, shiga Play Store ka nemi Play Protect, ka sa shi ya yi bincike. Bayan haka ka bi jerin manhajoji ɗaya bayan ɗaya. Wadda ba ka sani ba, ko wadda aka turo maka daga wata waya, cire ta.

In alamomin sun dawo, ko kuma an tabbata birus mai satar lambobi ne, magani mafi tabbas shi ne a goge komi a sake zubi. Masu gyara suna ce wa wannan formate. A waya kuma, a maida ta yadda ta fito daga kamfani. Kafin a yi, kula da abu uku. Kwashe hotuna da takardu zuwa wani wuri, amma ban da manhajoji, don cikinsu cutar take ɓuya. Tabbata lambobin mutanenka suna ajiye a asusun Google, ko ka rubuta muhimmansu a littafi. Kuma ka san sunan asusun Google ɗinka da lambar sirrinshi, don bayan gogewa waya tana iya tambayarsu, in ba ka sani ba ta ƙi buɗewa.

Wajen mai gyara, zaɓi wanda aka sani a unguwa, mai shago tsayayye. Cire layinka da katinka kafin ka miƙa waya. In da hali, zauna a yi aikin a gabanka. Ka roƙe shi kada ya zuba maka manhajojin sata. Mai gyara ba ya bukatar lambar sirrin kuɗinka. In ya tambaya, ɗauki kayanka.

In mai garkuwa ne ya kama ka, kada ka yi saurin biya. Babu tabbacin ɓarawo zai cika alkawari. Mutane da yawa sun biya ba a buɗe masu komi ba.

In an sace maka kuɗi

Kada ka goge saƙonnin. Su ne shaidarka. Ɗauki hotonsu, ka rubuta rana, da lokaci, da lambar da ta kira ka, da yawan kuɗin. Kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarmomi. Ƙasarmu Nijar tana da doka a kan laifuffukan intanet tun watan Yuli na 2019. Shiga na'urar wani ba da izini ba laifi ne, damfara ta waya ma laifi ce. Ba kullum kuɗi ke dawowa ba. Amma ƙararka tana iya sa a kama mai yi, wani ya tsira.

Kada ya dawo

Rigakafi ya fi magani. Riƙe waɗannan.

Lambar sirri mai ƙarfi. Ba 1234 ba, ba 0000 ba, ba shekarar haihuwarka ba, ba ƙarshen lambar wayarka ba. Waɗannan su ɓarawo ke fara gwadawa. Inda aka yarda da haruffa, doguwa ta fi gajera: a ƙalla harafi 12. Haɗa kalmomi uku ko huɗu da ba su da dangantaka, misali sunan wani icce, da wata dabba, da wani kayan aiki, ka ƙara lambobi. Kada makulli ɗaya ya buɗe dukan ɗakunanka.

Rubuta su a littafi. Ga inda karatunka zai yi maka rana. A da, wataƙila ɗanka, ko mai shagon waya, ko wani maƙwabci ne ya buɗe maka asusu, shi ya zaɓi lambar, shi ya san ta. Yanzu kana iya rubutu da hannunka. Zaɓi taka, ka rubuta a ƙaramin littafi, ka aje inda kake aje takardun gona da na haihuwa. Kada ka manna ta a bayan waya.

Kwaɗo na biyu. WhatsApp, da Facebook, da Google duk suna da shi. A WhatsApp an rubuta «Vérification en deux étapes». Za ka zaɓi lambobi 6 naka na kanka. In an kunna shi, makulli ɗaya bai isa ɓarawo ya shiga ba.

Lambar da aka aiko maka ta saƙo taka ce kai kaɗai. In wani ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ko ya ce ya yi kuskure lambarshi ta zo wayarka, ka karanta mashi, kashe wayar. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirrinka. Ko da sunan abokinka saƙon ya zo, kira shi ka ji muryarshi, don mai yiwuwa nashi asusun aka fara ƙwacewa.

Sabuntawa. Lokaci-lokaci na'ura tana neman a sabunta ta, abin da ake ce wa mizajur. Wannan yaɓen bango ne kafin damina: kamfani ya ga tsaga, ya aiko da abin toshewa. Ka tuna WannaCry? Kamfanin Microsoft ya fitar da abin toshe wannan tsaga tun watan Maris na 2017, wata biyu kafin ɓarnar. Waɗanda suka sabunta sun tsira. Ka sani kuma, tsofaffin Windows an daina yi masu yaɓe: Windows XP tun 2014, Windows 7 tun Janairun 2020. Windows 10 ma an tsayar da nata a Oktoban 2025, sai ga waɗanda suka shiga wani shiri na ƙarin lokaci. Kwamfutocin hannu da ake sayarwa a kasuwanninmu da yawa tsofaffi ne. In za ka saya, tambayi wace Windows ke ciki. In taka tsohuwa ce, kada ka buɗe asusun kuɗi a kanta.

Rumbu biyu. Manomi mai hankali ba ya zuba iri da abinci duk wuri guda. Takardu da hotuna masu muhimmanci, kwafe su a wani kile na daban, wanda ba ya zuwa siber, ba ya kwana a jikin kwamfuta. Yi haka ko sau ɗaya a wata. Ranar da mai garkuwa ya kulle na ciki, kana da na waje.

Kulle fuska. Sa wa wayarka lambar buɗewa, musamman in kana barin ta wurin mai caji. A kwamfutar gida kuma, a buɗe wa yara nasu ɓangaren, wanda ba ya iya sa sabuwar manhaja sai da izininka. Ka zauna da su ka gaya masu abin da ka koya yau, don sau da yawa wajen neman wasa kyauta ake kwaso cutar.

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, kada wannan darasi ya sa ka ji tsoron waya. Ba a daina noma don akwai gara. Abin da ake so, kafin ka danna, ka tsaya ka karanta. In ba ka gane ba, ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. Yau da dare, ɗauki wayarka da littafinka, ka sake lambar sirri ko guda ɗaya ce, ka kunna kwaɗo na biyu. Gobe ka nuna wa maƙwabcinka. Allah ya kare mu da dukiyarmu.

Tambayoyi

1. Mine ne birus? Wa ke yin shi?
2. Faɗi hanyoyi uku da yake shiga kwamfuta ko waya.
3. Don mi ba a sake lambar sirri a kan na'urar da ta kamu?
4. Wani ya kira ka ya ce ka karanta mashi lambobi 6 da suka zo wayarka. Mi za ka yi?
5. Rubuta a littafinka gajeren saƙon da za ka aika wa ƴan'uwa in an shiga asusunka.